Daga idon ruwa zuwa randa: abin da alƙaluma suka tona a yammacin Kenya

A ƙauyukan yammacin Kenya, wajejen Busia da ke kan iyaka da Yuganda, ba ƙarancin ruwa ne ke damun mutane ba. Ƙasa ce mai damina biyu a shekara, ga Tafkin Biktoriya a kusa, ga idanun ruwa suna ɓuɓɓugowa a kwaruruka. Mace za ta gangara da jarkarta mai cin lita 20, ta tsoma moɗa a kududdufin da ruwan ya taru, ta cika, ta ɗora a ka ta hau tudu. A wannan kududdufin shanu ke sha, kuma nan ruwan sama ke zubo duk abin da ya kwaso daga gonaki da bayan gidaje. A ido, ruwan yakan fito garau. Amma da masu bincike suka fara zagaya gidajen yankin a 2004, sai suka tarar kusan yaro 1 cikin kowane 5 'yan ƙasa da shekara uku ya yi gudawa a cikin makon da ya gabaci ziyararsu.

Gudawa ciwon talaka ce, kuma ita ma tana ƙara talauci. Yaron da ke yawan yin ta ba ya riƙe abin da ya ci, sai ya tsumbure. Uwa ta bar gona ta zauna jinya, ɗan abin da aka tara ya tafi wajen magani. Wani lokaci kuma yaron ya tafi gaba ɗaya. Wannan duk likitoci sun san shi tun da daɗewa, ba sai masanin tattalin arziki ya zo ya faɗa musu ba. Tambayar da ta kawo masana tattalin arziki cikin maganar daban take: idan kuɗin da ke hannu kaɗan ne, kuma jawo famfo zuwa kowane gida a ƙauyukan da gidajensu ke warwatse cikin gonaki ba abin da za a gani kwana kusa ba ne, a ina za a sa shilin ɗaya ya fi ceton rai?

Wanda ya ja gaba a wannan aiki shi ne Michael Kremer, wanda a lokacin yake koyarwa a jami'ar Harvard. Ba baƙo ba ne a yankin, don ya taɓa koyarwa a wata makarantar sakandare a Kakamega a tsakiyar shekarun 1980. Tare da shi akwai Edward Miguel na jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, da Jessica Leino, da Alix Zwane. Kremer da Miguel sun riga sun yi suna a wannan Busia ɗin da bincikensu kan maganin tsutsar ciki a makarantun firamare, inda suka yi aiki da wata ƙungiyar agaji mai tushe a ƙasar Holan da ake kira ICS. Ita ce kuma ta zo da shirin gyaran idanun ruwa.

Ƙuri'a a kan idanun ruwa 184

Gyaran ba wani abin mamaki ba ne. Ana tone bakin idon ruwan, a rufe shi da duwatsu da kankare, a fitar da bututu ta yadda ruwa zai riƙa zubowa kai tsaye cikin jarka, ba tsoma hannu, ba tsoma moɗa. A ja magudana don ruwan sama ya bi ta gefe, a yi shinge saboda dabbobi. Kowane ɗaya ya ci kusan dala 1,000, mutanen ƙauye suka ɗauki kashi 10 cikin ɗari, galibi da ƙarfin jikinsu.

Kuɗin ƙungiyar ba zai isa a gyara duka a shekara guda ba, dole wasu su jira. Masu binciken suka ce, tunda jiran ya zama dole, a bar ƙuri'a ta raba gardama. Aka ɗauki idanun ruwa 184 a gundumomin Busia da Butere-Mumias, ƙuri'a ta fitar da waɗanda za a fara gyarawa da waɗanda za su biyo baya, aka riƙa bin gidaje sama da 1,300 har zuwa 2007. Hikimar ƙuri'ar ita ce wannan: da an bar wa jami'ai zaɓi, da ƙauyen da ke bakin titi, ko mai shugaba mai baki, ko wanda ya fi wayewa shi zai fara samu. In aka ga yaransa sun fi lafiya, wa zai iya rantsuwa cewa kankaren ne, ba wayewar ba? Ƙuri'a ba ta san ɗan gida ba. Duk bambancin da ya fito tsakanin rukunan biyu, gyaran ne ya kawo shi.

Sai kuma suka yi wani abu da masu aikin ruwa da yawa ba su cika yi ba. Ba su tsaya ga ɗibar ruwa a bakin bututu su kai ɗakin gwaji ba. Sun bi matan har gida, suka ɗebi na cikin randa, wanda yaro ke sha. Abin da ake ƙirgawa a ruwan shi ne ƙwayar E. coli, wadda ganinta ke nuna cewa bayan gida ya shiga ruwa. A bakin bututu, ƙazantar ta ragu da kashi 66 cikin ɗari. A cikin randa, kashi 24 kacal. Wato tsakanin kwari da ɗaki, yawancin ribar ta zube a hanya: jarkar da ba a wanke ba, hannun da ya riƙe moɗa, yaron da ya tsoma kofi, ga kuma gidajen da ke haɗa ruwan idon da aka gyara da na rafi ko na wata rijiya a randa ɗaya.

Duk da haka kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Gudawar yara ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, daga kimanin yara 19 cikin 100 zuwa kimanin 14. Da rahoton ƙungiyar agaji ne, nan za a tsaya, a ɗauki hoton bututu yana zubar da ruwa, a buga adadin 66 da manyan baƙaƙe.

Sawun ƙafa ya fi baki gaskiya

Ɓangaren binciken da ya fi ba ni sha'awa, ya kuma fi damuna, shi ne inda aka nemi sanin darajar ruwa mai tsabta a wurin su mutanen. Ruwan ido ba a sayar da shi, to ta yaya za a san farashinsa? Hanya mai sauƙi ita ce a tambaya: nawa za ki iya biya a shekara don a gyara muku idon ruwanku? An yi tambayar, amsar ta kai wajen dala 17 da 'yan kai ga kowane gida. Sai dai kowa ya san yadda ake amsa wa baƙon da ya zo da takarda da biro, musamman in ana kyautata zaton ƙungiyarsa na da abin rabawa.

Don haka suka bi ta wata hanya. Kowane gida na da wuraren ɗibar ruwa fiye da ɗaya, wani kusa, wani nesa. Idan aka gyara na nesa, gida nawa ne za su bar na kusa su ƙara tafiya? Minti nawa mace za ta yarda ta ƙara, ɗauke da kilo 20 a ka, don ta samo mai tsabta? Wannan ƙarin tafiyar ita ce kuɗin da take biya, da ƙafarta. Suka tattara mintocin na shekara, suka juya su zuwa kuɗi bisa yadda mutanen da kansu ke kimanta lokacinsu. Abin da ya fito bai kai dala 3 ba a shekara ga gida guda: dala 2.96. Baki ya ce 17, ƙafa ta ce 3.

Daga nan lissafi ya kai su wani wuri mai nauyi. In an san yawan gudawar da gyaran ke hanawa, an kuma san kusan yaro nawa gudawa ke kashewa, ana iya fitar da abin da halayyar mutanen ke nuna za su biya don a kauce wa mutuwar yaro ɗaya. Adadin ya fito dala 769. A Amurka, hukumomin gwamnati na lissafa ran mutum ɗaya da miliyoyin daloli idan suna auna ko wata doka ta cancanci kuɗin da za ta ci.

Mai karatu na iya jin wannan ya ce iyayen Busia ba su damu da 'ya'yansu ba. Wannan mummunar fahimta ce, kuma su masu binciken ba haka suka fassara ba. Abin da adadin ke aunawa shi ne talauci. Matar da safiyarta ta kasu tsakanin gona, itace, girki da goyo, ƙarin minti goma sau uku a rana ba ƙaramin abu ba ne a wurinta, wani abin ne za ta bari wanda shi ma rayuwar yaran ta rataya a kansa. Sannan cutar ba a ganinta a cikin ruwa. Yaro ya sha yau, gudawa ta zo jibi, kuma tana iya zuwa ta abinci ko ƙasar da yake rarrafe a kai. Wa zai ɗaure wa ido ɗaya laifi? A ganina, amfanin wannan adadi guda ɗaya ne, amma babba: gargaɗi ne ga duk mai shirin da ya dogara da cewa talaka zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya sayi tsabtar ruwa.

Gargaɗin kuwa ya zo a kan gaɓa, don a wancan lokacin ra'ayin da ke tashe a manyan cibiyoyin ba da rance shi ne ruwa haja ne, a sa masa farashi, a bar 'yan kasuwa su zuba jari. Yawancin idanun ruwan yammacin Kenya a cikin gonakin mutane suke, amma al'ada ba ta yarda mai gona ya hana maƙwabci ɗiba ko ya karɓi kuɗi ba. Masu wancan ra'ayi suka ce ai shi ya sa ba mai gyarawa: wa zai kashe dala 1,000 a kan abin da ba zai ci ribarsa ba? Kremer da abokansa suka zuba alƙalumansu a lissafi don su ga me zai faru in an ba masu gonaki damar sayarwa. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna cewa gyaran da za a samu kaɗan ne, don mutane ba za su biya abin da zai mayar da jari ba, amma ɓarnar mai yawa ce, don matalauta za su koma rafi da kududdufi. Sun ce tsarin mallaka zai fi aiki inda mutane suka fi samu, ko inda ruwa ke da wuya. A wurin da talauci ya yi katutu kuma ruwa ke ko'ina, al'adar da ake gani kamar ci baya ita ce ta fi dacewa da lissafi.

Kwalbar shilin 20

Tunda randa ce matsalar, sai hankali ya koma kan abin da zai bi ruwa har cikin randa. Sinadarin kulorin ba sabon abu ba ne, birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba shi a ruwan famfo tun 1908. Abin da ya bambanta shi da tacewa ko tafasawa shi ne yana zama a cikin ruwan, ya ci gaba da kashe ƙwayoyin cuta kwana ɗaya zuwa uku, ko da an tsoma moɗa mai datti.

Kuma yana nan a shagunan Kenya. Ƙungiyar PSI, mai aikin kiwon lafiya, ta daɗe tana tallata wata 'yar kwalba mai suna WaterGuard, shilin 20, kimanin santi 30 na dalar Amurka a lokacin, tana isar gida guda wata ɗaya. An yi talla a rediyo, an yi a bango. Yawancin mutanen yankin sun san sunanta. Amma da aka gwada ruwan randunansu, gidan da aka samu alamar kulorin bai kai 1 cikin 10 ba.

Nan ma ba tambaya aka yi ba, gwadawa aka yi. Ma'aikaci zai zo ba sanarwa, ya roƙi kofin ruwan da ake ba yara, ya zuba wani ɗan gari. In akwai kulorin, ruwan ya yi ja-ja. Gani ya kori ji.

Aka jera gwaje-gwaje, duk ta hanyar ƙuri'a, wannan karon tare da Sendhil Mullainathan da Clair Null. Wasu gidaje aka kai musu kwalaben kyauta: kashi 58 cikin ɗari aka samu kulorin a ruwansu. Wasu aka ba su takardar rangwamen rabin kuɗi, wato shilin 10: kimanin takarda 1 cikin 10 aka kai shago. Wasu aka yi musu wa'azin tsabta, su kaɗai ko a taron ƙauye: abin ya ɗan motsa, ya koma. Tazarar da ke tsakanin kyauta da shilin 10 ta fi duk wata tazara da aka gani.

Wannan ya taɓa wata tsohuwar gardama. Masu aikin agaji da yawa sun yi imani cewa abin da aka ba mutum kyauta ba ya ganin darajarsa, sai ya biya ko da kaɗan ne zai yi amfani da shi. An gwada wannan magana kai tsaye a Lusaka, babban birnin Zambiya, inda Nava Ashraf da James Berry da Jesse Shapiro suka sayar da irin wannan kwalba a farashi daban-daban gida-gida. Suka gano cewa farashi na tace masu saye, wato wanda ya yarda ya biya da tsada dama can mai niyyar amfani ne, amma biyan kuɗin shi kansa ba ya sa mutum ya ƙara amfani da abin. A Kenya kuma, wani gwaji da Pascaline Dupas ta jagoranta, aka buga a 2016, ya nuna hanyar tsakiya. Maimakon a jibge wa uwa kwalaben shekara guda, sai a ba ta takardu, kowane wata ta je shago ta karɓi kwalba ɗaya kyauta. Wadda ba ta da niyya ba za ta wahalar da kanta ba. Kulorin ɗin da aka raba ya ragu da wajen kashi 60, amma yawan gidajen da aka samu shi a randarsu kusan bai motsa ba, bambancin gida 1 ne cikin 100. Nan ma ƙafa aka sa ta yi aikin da ake cewa sai kuɗi.

Shuɗin tanki a bakin ruwa

Raba kwalba gida-gida na da tsada, kuma yawancin tsadar ba ta sinadarin ba ce, ta roba ce da sufuri. Daga nan aka ƙirƙiro abin da ya zama fuskar wannan aiki: ɗan tankin roba shuɗi a kan ƙarfe, an kafa shi dab da inda ake ɗibar ruwa. Mace ta murɗa makunni sau ɗaya, mililita 3 ya ɗiga a jarkar lita 20, ta tara ruwa a kai. Girgizar tafiya ta gauraya shi, kafin ta huta a gida minti 30 da ake buƙata sun kusa cika.

Kowane ɓangare na tankin amsa ce ga wani abu da alƙaluma suka nuna. Kyauta ne, don an ga abin da shilin 10 ya yi. Yana bakin ruwa, don mantuwa ba ta da wurin shiga, ga shi a gabanki lokacin da jarka ke hannunki. Ba awo da murfi, ba ƙirga ɗigo. A fili yake, maƙwabta na kallo, wadda ba ta iya ba ta koya daga wadda ta iya. Sannan mutanen ƙauye suka zaɓi ɗaya daga cikinsu ya riƙa cika tankin yana tunatar da jama'a. A gwajin, kimanin kashi 60 cikin ɗari na gidaje aka samu kulorin a ruwansu, kuma adadin ya tsaya har bayan shekara biyu da rabi.

IPA, wata ƙungiya mai bincike kan yaƙi da talauci, ita ce ta rene shirin, sannan a 2013 aka kafa ƙungiyar Evidence Action ta karɓe shi, ta faɗaɗa shi zuwa Yuganda da Malawi, har ya kai tankuna dubbai da mutane wajen miliyan 4 da ke zaune kusa da su. A lokacin kuɗinsa kan tashi dala ɗaya da ɗan wani abu ga mutum guda a shekara. Wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga kasuwar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, bisa hujjar cewa wanda ya sa kulorin ba zai ƙona itace ya tafasa ruwa ba. Hujjar na da rauni, don yawancin gidajen dama ba sa tafasawa, amma wannan magana ce ta wata rana.

Tsugune ba ta ƙare ba

Tun kafin tankin ya bazu, wasu masana lafiyar jama'a na ɗaga gira. A 2009 Wolf-Peter Schmidt da Sandy Cairncross na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan suka nuna wani gibi: kusan duk gwaje-gwajen tsabtace ruwa a gida sun dogara ne da abin da uwa ta faɗa. An ba ta kwalba kyauta, an dawo ana tambaya ko yaro ya yi gudawa. Kunya da kara kaɗai sun isa su sa ta ce a'a. A 'yan gwaje-gwajen da aka ɓoye wa mutane ko maganin gaske aka ba su ko na bogi, irin wanda aka yi a jihar Orissa ta Indiya, ba a ga wani bambanci a gudawa ba. Ita kanta tawagar Kenya ta gano wani abu makamancin haka a gidajen da take bi: waɗanda aka fi yawan kai wa ziyarar tambayoyi sun fi sa kulorin, sun kuma fi cewa yaransu lafiya. Mai awo ya taɓa sikeli da hannunsa.

Sai babban gwajin da ake kira WASH Benefits, wanda aka yi a gundumomin Kakamega, Bungoma da Vihiga, da mata masu ciki sama da 8,000. Aka gwada kulorin, da gyaran masai, da wanke hannu, da ƙarin abinci mai gina jiki, kowanne shi kaɗai da kuma a haɗe. Sakamakon ya fito a 2018: babu ko ɗaya da ya rage gudawa. Amfani da kulorin ma bai kai rabin gidaje ba a shekarar farko, a ta biyu ya ƙara faɗuwa. Akwai dalilan da ake iya kawowa. Kulorin ba ya kashe ƙwayar kiriftosforidiyom, wadda ke cikin manyan masu sa wa jarirai gudawa. Ƙarfinsa na raguwa a ruwa mai laka. Wasu ba sa son ƙamshinsa. Kuma yaron da ke rarrafe a tsakar gidan da kaji ke yawo yana da hanyoyin kamuwa da yawa waɗanda ba su bi ta randa ba.

Martanin Kremer, wanda a 2019 ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, shi ne a daina ƙirga gudawa a ƙirga mutuwa. Uwa na iya ɓoye gudawa don kara, amma ba ta ƙirƙiro mutuwar ɗa ko ta ɓoye ta don ta faranta wa baƙo rai. Dalilin da ya sa ba a yi hakan tun farko ba shi ne mutuwar yaro, ko a inda ta yi yawa, ba ta kai gudawa yawa ba, don haka sai an bi yara masu ɗimbin yawa kafin a ga bambancin da za a amince da shi, kuma wannan kuɗi ne. Sai Kremer da abokan aikinsa suka koma wasu daga cikin ƙauyukan WASH Benefits bayan shekaru, suka tambayi iyaye mata yaran da aka haifa da waɗanda suka rasu. Rahotonsu na 2021 ya ce mutuwar 'yan ƙasa da shekara biyar ta yi ƙasa da kashi 63 cikin ɗari a ƙauyukan da ke da tankin. Adadin ya yi girman da ya kamata a yi masa kallon tsanaki, don an gina shi a kan mace-mace ƙalilan. Sannan suka rubuta wa masu gwaje-gwajen tsabtace ruwa a ƙasashe daban-daban, suna neman bayanan mutuwa da aka tattara amma ba a taɓa bugawa ba. Suka haɗa gwaji 15 wuri guda, a 2022 suka ce tsabtace ruwa na rage mutuwar ƙananan yara da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Da aka ƙara wasu gwaje-gwajen, adadin ya sauko zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

Akwai abin ɗaure kai a nan wanda har yanzu ake muhawara a kai: ragin ya fi abin da gudawa kaɗai za ta iya bayyanawa. Wataƙila yaron da cikinsa ke lafiya ya fi jure ciwon huhu da sauran cututtuka, abin da aka lura da shi tun lokacin da biranen Turai da Amurka suka fara tace ruwansu. Wataƙila kuma adadin ya zarce gaskiya. GiveWell, cibiyar Amurka da ke auna inda kuɗin masu ba da taimako zai fi amfani, ta sake lissafin da kanta, ta ɗauki adadin da ya yi ƙasa da na Kremer sosai. Ko da wannan ragaggen adadi, ta ga abin ya cancanta, a 2022 ta ware wa shirin tankunan har dala miliyan 64.7 don a faɗaɗa shi.

Da nan labarin ya tsaya, da ya yi daɗin ji. Amma dukan lissafin ya rataya ne a kan lamba ɗaya: gida nawa ne da gaske ke murɗa makunnin? Wannan lamba kuwa ma'aikatan shirin ne ke tattara ta. Sai aka ɗauki masu bincike daga waje, waɗanda ba su da alaƙa da shirin, suka shiga ƙauyukan Yuganda da Malawi da ɗan garinsu na gwaji. Kofunan da suka yi ja sun gaza abin da rahotannin shirin ke nunawa, nesa ba kusa ba. A 2025 GiveWell ta bayyana cewa ba za ta sabunta tallafin ƙasashen biyu ba.

Ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwar hanyar ba. Kuskuren da aka kama a 2025 ɗan'uwan wanda aka kama a binciken idanun ruwa ne, lokacin da ruwan bututu ya ce 66 na randa ya ce 24: an auna a inda ya fi sauƙi, ko kuma wanda ke da rabo a sakamakon ne ya auna. Abin da ya yi aiki a ƙauyuka 'yan kaɗan ƙarƙashin idon masu bincike, ba lalle ya yi haka a tankuna dubbai da ake kai wa sinadari a kan babur ba. Inda nake da ƙorafi shi ne irin tambayar da wannan hanya ke iya amsawa. Ƙuri'a na iya raba idanun ruwa 184, amma ba ta raba madatsar ruwa ko ma'aikatar ruwa ta gunduma gida biyu. Don haka hankalin masana da kuɗin masu taimako sukan karkata ga ƙananan abubuwan da ke aunuwa. Kundin tsarin mulkin Kenya na 2010, a sashe na 43, ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin ruwa mai tsabta kuma isasshe. Tanki a bakin kwari bai rage wa matar Busia taku ɗaya daga tafiyarta ba, bai sauke mata kilo 20 daga ka ba.

Yanzu kuɗin ya fara karkata zuwa wata na'urar da ake ɗaurawa a jikin bututu ko tankin ruwa na gari, tana zuba kulorin da kanta yayin da ruwa ke wucewa, ba sai wani ya tuna ya murɗa komai ba. Evidence Action na kafa irinta a Malawi, da kuma jihohin Andhra Pradesh da Madhya Pradesh na Indiya, inda gwamnati ke jawo famfo zuwa gidajen karkara. Na'urar tana buƙatar bututu da tanki kafin a sami inda za a ɗaura ta. Idanun ruwan da ba a gyara ba a kwarurukan Busia ba su da ko ɗaya.